Mai sayar da siminti ya gyara min mutum-mutumi

Jiya da yamma ina durƙushe a tsakar gida, kwamfuta a gabana, 'yar motar da na harhaɗa da ƙananan bulon roba tana ta juyawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya.

Kwana uku ina fama da ita. Umarnin da na rubuta mata kuwa mai sauƙi ne: ta miƙe, in ta ga bango ta tsaya. Ga shi ranar Litinin zan nuna wa iyayen ɗalibaina, bayan na gama cika baki a makaranta.

Sai ga maƙwabcina Oga Bitrus, mai sayar da siminti a Dei-Dei. Ya tsaya yana kallo.

"Malam, wannan mota naka ya sha burkutu ne?"

Na gyara tabarau. "Oga, matsalar kodin ce. Abu ne mai zurfi, ba lallai ka gane ba."

Ya ɗaga ta, ya leƙa ƙarƙashinta. "To, ni ban yi boko ba. Amma injin taya ɗaya yana kallon gaba, ɗaya yana kallon baya. Ko tifa ne haka zai yi."

Ya cire injin, ya juya shi, ya maƙala. Motar ta miƙe ɗoɗar, ta tsaya cak a gaban bango. Daga kicin na jiyo matata tana dariya har da tari.

Digirina biyu, amma ko sau ɗaya ban kifa motar nan na duba ba. Jama'a, wa kuka taɓa rainawa ya fitar da ku kunya? Ku faɗa, kada in zama ni kaɗai.