Kawu Bawa Mai Gyado

Duk wanda ya zauna Bakura ya san usur ɗin Kawu Bawa kafin ya san fuskarsa. Wani tsohon usur ne mai tsatsa, rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Da shi yake korar awaki, da shi yake tsayar da ɗan kabu-kabu, da shi yake kiran matarsa Inna Hajo ta kawo fura. Ran da ta gaji ta ce, "Malam, ni hwa ba akuya ba ce, ina da suna," sai ya dube ta ya ce, "Kiran suna yawu yake ci. Iska kuwa kyauta ce."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka kada wani ya tashi yi min wa'azin ba a tona asirin mamaci. Ku da kuka san shi kun san bai bar wa maƙaryaci wurin ƙari ba. Mutumin da karin maganarsa ɗaya ce a duniya: "Wanda ya ci nawa, sai na ci nashi."

Yana da fadama can wajen Birnin Tudu, inda yake noman dankali da rogo. Kowace shekara gyado, wato aladen daji, sai ya fito daga cikin kyauro ya tone kunyoyin tas. Sauran manoma na buga gwangwani, suna kafa mutum-mutumi. Shi ko Kawu ya tsaya kan ɓarnar, ya riƙe ƙugu, ya ce, "Wanga dabba ya ci nawa."

Muka ce, "To Kawu, sai ka ci nashi? Haram ne hwa!"

Ya ce, "Ku dai ku sa ido."

Wata Talata a kasuwar Mafara ya ji wasu ma'aikata 'yan kudu, masu gyaran magudanar ruwan noman rani, suna tambayar mahauta inda ake samun naman daji. Mahauta suka kore su da a'uziyya. Kawu ya bi bayansu, ya ja babbansu gefe, wani ƙato da ake kira Oga Sande, ya ba shi labarin aladun fadamarsa. Ran Lahadi sai ga su a fadama da bindigogi da karnuka, suna washe baki, a zatonsu tsohon zai yi musu godiya har ya dama musu fura. Wace godiya! Suka tarar ya kafa sanduna biyu a bakin hanya, ya ɗaura igiya, ya zauna kan turmi.

Oga Sande ya ce da gurguwar Hausarsa, "Baba, mu ya zo taimake ka ne!"

Kawu ya ce, "Wa ya gaya maku taimako nike nema? Gidan kallon ƙwallo ma sai an biya ake shiga."

Nan ya karanto musu dokokinsa. Shiga da kuɗi. In ka kashe, da kuɗi. In ka harba ka kuskure, kuɗin ya fi na kisa.

"Ah ah! Don me, Baba?"

"Don ka firgita min kaya. Wanda ya mutu ya huta. Wanda ka tsorata, sai shi daɗe bai dawo ba."

Wallahi kuma suka biya! Har suka riƙa jawo abokansu daga Gusau da Sakkwato. Da kun ga Kawu ranar farauta, da kun sha kallo. Yana can nesa, ya toshe hanci da hannun riga don kada warin najasa ya shige shi, bakinsa na ta a'uzubillahi, ɗaya hannun kuwa a miƙe yake, tafin yana kallon sama. Ban taɓa ganin tsoron Allah da kwaɗayi sun zauna lafiya a jiki ɗaya kamar a jikin Kawu ba.

Magana ta kai kunnen Liman. Bayan la'asar ya tsayar da shi a ƙofar masallaci, suka yi doguwar gaisuwa har da tambayar gajiya da iyali da ruwa, sannan ya ce, "Malam Bawa, an ce ka koma saida alade."

"Allah gafarta Malam, ƙarya anka yi min. Ni hanya nike saidawa. Abin da mutum ya tarar a ƙarshen hanya, tsakaninshi da Ubangijinshi."

"Bawa, ka ji tsoron Allah. Wanga kuɗi akwai shubuha cikinsa."

"Direban da ya ɗauko su daga Mafara fa, shi ma nashi shubuha ne?"

Liman ya fusata, ya ce, "To ka ji, ko sisi daga ciki kada ka kawo masallacin nan da sunan sadaka!"

Fuskar Kawu ta yi haske kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya kama hannun Liman da hannu bibbiyu ya ce, "Madalla da malami mai sauƙaƙa wa talaka!" Daga ranar, ko cikin kuɗin geronsa ne aka zo neman sadakar masallaci, sai ya ce ai kuɗin sun cakuɗe a aljihu, ba ya son ya ɓata wa masallaci tabarma.

Abin bai tsaya nan ba. Da aladun suka fara raguwa, sai Kawu ya ware gefen fadama ya shuka musu dankali nasu na kansu. Ku ji fa! Manomi, ɗan manomi, yana noma wa gyado! Su kuwa ba su san iyaka ba. In sun gama da nasa, sai su zarce gonar maƙwabcinsa Malam Garba, bawan Allah mai iyali da yawa, wanda rogon nan ne abincin gidansa har kaka. Shekarar nan suka kwantar masa da rabin gona. Ya kai ƙara wurin mai gari, idonsa jawur.

Mai gari ya ce, "Bawa, aladun nan naka ne?"

"Ranka shi daɗe, in suna cikin gonata, nawa ne."

"In sun shiga ta Garba fa?"

"To nan kuma na Allah ne. Ni wa, da zan tsare wa dabbar Allah arzikinta?"

Fada ta kwashe da salati. Mai gari ya ce tunda ya ci ladan kiwo, sai ya ɗauki asarar kiwo, ya biya Garba rogonsa. Ya biya, amma sai da ya zaɓo masa duk saiwar da gyado ya riga ya gatsa, wai ai irin wadda aka ci masa ke nan.

Cikin aladun akwai wani tsohon namiji, ƙato, haurensa kamar lauje. Kawu ya sa masa suna Ciyaman. Da shi yake tallar fadamar, amma ko kusa ba ya son a kashe shi. Duk maharbin da ya saita Ciyaman, sai ka ji usur, fiiit! Dabba ta arce, harsashi ya bi iska, Kawu ya ce, "Ayya, tari ya kama ni. To, kuɗin kuskure."

Ranar da dubun Kawu ta cika, wani ɗan kwangila ne mai aikin hanya wajen Maradun ya zo, da tumbinsa da doguwar bindiga da malafa irin ta Turawa. Suna taka bakin kyauro sai ga Ciyaman ya fito, wutsiya a tsaye. Mai malafa ya yar da bindiga ya zura, bai tsaya ba sai cikin mota. Kawu kuwa, da ya saba da awaki, ya tsaya ya busa wa dabbar usur. Ciyaman ya juyo. Jama'a, ashe tsoho na gudu! Ya ɗare bagaruwa, ƙaya ko ba ƙaya, amma sai da haure ya tsarge masa wando ya buɗe masa sha-raɓa. Muka sheƙo da sanduna, muka tarar da shi a kan reshe, jini na ɗiga. Na ce, "Kawu, sannu! Sauko mu tafi asibiti!"

Ya nuna ƙurar mota ya ce, "Bar ni nan, sakarai! Ku tare wancan, bai biya kuɗin kallo ba!"

Ba Liman ne ya kashe sana'ar ba, ba kuma mai gari ba. Daji ne ya lalace. Da 'yan bindiga suka fara tare hanyoyi, baƙi suka ɗauke ƙafa, daga baya fadamar ma ta gagari masu ita. Na ɗauko shi da Inna Hajo na dawo da su gidana a Mafara. Nan ya zauna a ƙofar gida, bai da wanda zai yi ciniki da shi, yana ramewa a hankali.

Akwai abin da ban cika faɗa ba. Da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Kawu ne ya zo da amalanke ya kwashe mu da uwarmu. A gidansa muka ci, muka yi karatu, ya aurar da ƙannena mata. Cikin ciwonsa na ƙarshe na zauna bakin gado na fara yi masa godiya. Ya juya fuska bango ya ce, "Rufe min baki. Gyara min matashin nan."

Ranar jana'iza, Malam Garba ya biyo motar kasuwa daga Bakura, da tsufansa ya sa kafaɗa ya ɗauki makara. A bakin kabari ya share ido ya ce, "Na yahe mashi. Tun da ya tashi daga fadamar nan ban sake samun abokin faɗa ba."

Ya Allah, ga Bawa nan ya zo maka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa abin da muka yi wa dariya da abin da ba mu gani ba, ka yalwata masa makwanci, ka saka masa da rahamar da ya yi wa marayu. Amin.