Ranar da na sa hannu a yanke ƙafar Gwaggo

Duk faɗin Arewa, daga Matankari har Sukukutane, babu wanda ya kai ni iya magana da likitoci. Haka nake cika baki a da, kafin ranar da har in mutu ba zan manta da ita ba.

Gwaggona, yayar mahaifina, ciwon suga ya ci mata ƙafar hagu har ta yi baƙi. Muka kai ta asibiti a Dogon Dutsi, likita ta duba ta ce sai an yanke. A gidanmu ba a gaya wa majinyaci magana mai nauyi, wai kada zuciyarsa ta karye. Sai muka ce mata wanke ciwon za a yi, muka fita gindin bishiyar bedi, mu maza goma sha ɗaya, muka buɗe taro. Wani ya ce a yanke daga gwiwa. Wani ya ce idon sawu ya isa, yana gwadawa a tasa ƙafar kamar tela mai awon wando. Har mai shayin bakin ƙofa sai da ya kawo tasa shawarar.

Ni da na yi lakwal, wato boko, aka miƙa wa takardar amincewa. Na zuba mata sa hannu mai wutsiya uku, irin wanda ko gwamna bai da shi.

Likita ta dubi takardar, ta dube ni. "Kai ne majinyacin?"

"Ni ne bakin dangi."

"Tana cikin hankalinta?"

"Ya ma fi nawa."

Sai ta wuce ni, ta ja kujera gaban Gwaggo, ta zayyana mata komai da Hausa. Ni kuwa ina riƙe da buta, ina jiran Gwaggo ta suma in yayyafa mata ruwa. Ko ido ba ta ƙifta ba. Ta ce tun a gida ta san ƙafar ta mutu, ai ita ke kwana da warinta. Ta yi shiru ne don kada mu ruɗe. Ta tambaya ko za ta iya komawa ɗakinta ta ci gaba da kiwon awakinta, sannan ta nemi kwana ɗaya ta yi tunani. Washegari ta dangwala yatsa da kanta a sabuwar takarda.

A nan na gane komai tsananin ciwo, ba ya ƙwace wa mutum bakinsa. Mu dangi ke ƙwacewa, muna cewa tausayi ne.

Za a shiga da ita ɗakin tiyata ta hango takardata a aljihuna. Ta ce, "Adana ta da kyau, ɗan nan. Ran da anka zo yanke taka, ka riga ka sa hannu."