Yadda Ciwon Ƙafa Ya Kai Ni Ga Nakasa Ɗan Dako A Bakin Sito

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili ina girgiza kai a kan labaran mutane, ban taɓa kawowa wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. Ina roƙon a sakaya sunana da na duk wanda ya shigo cikin maganar nan. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da takwas, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, muna zaune a Funtuwa. Tela ne ni. Shekara goma sha shida na yi a kan keke, zaune tun safe har magariba, ban san wata wahala ba in ba ciwon wuya lokacin ɗinkin sallah ba. Ina da baki, wannan ban musa ba, amma hannuna bai taɓa taɓa lafiyar kowa ba, ko kaza sai an riƙe mini nake iya yankawa. Sai mai shagon da nake haya ya sayar da wurin aka rushe. Na koma ɗinki a soron gida, ciniki ya mutu, har ta kai wata rana ba a ɗora tukunya ba. Yayan matata ne ya samar mini aikin gadi a wani babban siton hatsi da ke bayan gari, a ƙarshen damina, na karɓa da hannu bibbiyu.

Ranar farko ogan masu gadi ya tsayar da ni a rana ya karanta mini dokoki. Ya ce aikina daga shida na safe ne zuwa shida na yamma, kuma a tsaye, domin wanda na gada an kama shi yana barci a kujera, tun daga ranar aka kwashe kujerun. Ya ce ko allura ba za ta fita daga siton nan ba sai da takardar manaja. Ya ce wata uku zan yi na gwaji, kuma in na ji ba zan iya ba in faɗa tun yanzu, akwai mutum goma a waje suna jiran kakin da ke jikina. Aka ba ni kaki da kulki da takalmin but. Lamba arba'in da uku nake sawa, aka miƙo mini arba'in da ɗaya. Da na yi magana sai ya ce shi ba kantin takalma ya buɗe ba. Na cusa ƙafa haka nan, aka kai ni ƙaramar ƙofar baya inda ba kowa sai ƙadangaru.

Wallahi ban san tsayuwa aiki ba ce sai da na yi ta. Kafin azahar tafin ƙafata ya ɗauki zafi kamar na taka garwashi. Kwana uku ƙafafun suka kumbura, in na zo cire takalmi sai matata ta riƙe dunduniya tana ja ni ina riƙe da ƙyaure. Safa ta riƙa mannewa da jini, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya cire. Ƙuguna ya riƙe, ruku'u ya gagare ni, ni da ban kai arba'in ba na koma sallah a zaune. Matata takan dafa ruwa ta gasa mini tana cewa in nemi wani abin yi, ni kuma in ce mata wane abin, da me za a ci tuwo.

Abokin aikina a babbar ƙofa wani dattijo ne Kirista daga wajen Gozaki, ya fi shekara ashirin yana gadi, kowa Baba yake ce masa. Muna da tsari da shi, ranar Juma'a ya riƙe ƙofofin biyu in tafi masallaci, ranar Lahadi ni in riƙe ya tafi coci. Shi ya fara lura da yadda nake ɗingishi. Ya ce in tsaga takalmin ta gefe da reza in cusa auduga, in daina tsayawa ƙiƙam wuri ɗaya, in riƙa zagayawa a hankali, in na koma gida in jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri in jingina ta da bango. Ya ce jikin da ya saba zama sai ya yi wata biyu kafin ya yarda da tsayuwa, kuma in ina so shi zai raka ni wurin oga a nemo takalmi daidai ƙafata. Na ce masa lafiyata ƙalau. Tsoro nake kada a ce sabon zuwa ya fara raki, ga kuma girman kai, wai kada a ce tela rago ne. Baba ya dube ni ya ce to, jiki magayi.

Akwai wani mai tebur a bakin titi da nake sayen goro a wurinsa. Shi ya ce mini me zai sa ina wahalar da kaina, ga abin da masu ƙwadago ke sha su wuni suna huɗa ba su ji komai ba. Ya miƙo mini ƙwayar tiramol guda ɗaya, ya ce ta farko kyauta ce. Na san mece ce, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na ce wa kaina ai magani ne, kuma mako biyu kawai zan yi in jiki ya saba in daina. Ranar na tsaya awa goma sha biyu kamar ba ni ba, har waƙa nake yi a ƙofar baya. Oga ya wuce ya ce haka yake son ma'aikaci. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na koma huɗu, ƙafar kuma tana can tana ruɓewa a cikin takalmi ban ji ba.

Abin da mai teburin bai gaya mini ba shi ne abin da take yi wa zuciya. In ta fara sakina sai in ji kowa ya ishe ni, ko tari mutum ya yi kusa da ni sai in ji kamar zagina ya yi. Wani ɗan acaba ya ajiye babur a jikin katanga, na ce ya ɗauke, ya ce minti ɗaya. Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba, sai da bakinsa ya fashe, na kuma hankaɗe babur ɗin cikin kwata. Maimakon a tsawata mini sai oga ya yi dariya ya ce tela ya zama soja. A gida kuma, matata ta tsinci ƙwayar a aljihun kakina za ta yi wanki, ta tambaye ni ta mece ce. Na shaƙe ta na haɗa ta da bango, na mare ta har sau biyu a gaban 'ya'yanmu. Shekara goma sha huɗu muna tare ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni ta ce wannan ba mijinta ba ne. Washegari ma sai da na sha.

Saura kwana tara in cika wata ukun abin ya faru. Lahadi ce, kaka ta yi, tireloli uku suka zo lodin masara tun da sassafe. Baba ya tafi coci, ni kaɗai ne a babbar ƙofa, kuma ranar ce ta farko da na taɓa tsayawa a wurin ana lodi. Na sha huɗu da safe, wajen sha ɗaya na ƙara biyu saboda ƙugun ya motsa. Rana ta take, gumi na bin idona, kaina na sarawa. Da tirela ta ƙarshe ta fita, sai na hango wani ɗan dako, magidanci mai furfura a gemu, ya fito daga cikin sito da rabin buhu a kafaɗa, da kwano a hannu, ya nufo ni kai tsaye yana murmushi. Na san fuskarsa, kullum da safe in na zo aiki sai ya gaishe ni. Amma a lokacin abin da na gani kawai shi ne buhu zai fita ba takarda, kuma aikina zai tafi tare da shi. Na daka masa tsawa na ce ina takarda. Ya yi dariya ya ce Malam ai shara ce. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni.

Na zare kulki na sauke masa a kafaɗa, buhun ya faɗi, masara ta watse. Ya ɗaga hannun dama zai kare kansa, na sauke masa a tsintsiyar hannu, na ji ƙarar ƙashi da kunnena, amma ban tsaya ba. Na ƙara masa a gwiwar hannu. Ya durƙusa yana salati yana cewa in tsaya in ji, na sa takalmin nan na tokare shi a ƙirji ya kife, na taka hannun da ya karye. Ina kiransa ɓarawo ina duka. Na ga jini na fita ta kunnensa yana gangarowa cikin masarar, har yau in na ga an shanya masara sai gabana ya faɗi. Allah kaɗai ya san sau nawa na sauke kulkin nan.

Sauran 'yan dakon suka fito a guje, sun fi ashirin. Wani ya maka mini katako a ƙeya na faɗi. Suka rufe ni da duka, da ƙafa da dutse da ƙugiyar jan buhu, haƙorana biyu suka zube, haƙarƙarina ya karye. Na ji wani na cewa a kawo taya da fetur. A daidai lokacin Baba ya sauko daga acaba da fararen kayansa na coci. Dattijon nan ya ratsa su ya kwanta a kaina, ya ce sai dai su ƙone su biyu. Duka da yawa a bayansa ya sauka. Yana kwance a kaina yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana haɗa su da Allah, har 'yan sanda suka iso.

A gadon asibiti Baba ya warware mini abin da kowa a siton ya sani ban da ni. Duk masarar da ta zube a ƙasa wajen lodi, wadda ake sharewa da tsakuwa da ƙasa, ta 'yan dako ce. Haka aka gada tun kafin a gina siton, manaja ya sani, oga ya sani, ba a taɓa rubuta mata takarda ba. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban taɓa tambayar kowa komai ba, ina can ina ɓoye ƙafa da ƙwaya. Na kwana shida a hannun hukuma, dattawan unguwa suka shiga tsakani aka yi sulhu, na sayar da keken ɗinkina aka yi wa ɗan dakon magani. Ogan da ya ce na zama soja shi ya fara cewa bai san ni da wannan hali ba, ya aiko a karɓi kakinsu. Aikin da na nakasa mutum a kansa ko wata ukun ban cika ba.

Bayan wata biyar, da na rabu da ƙwayar da ƙyar da taimakon wani likita da haƙurin matata, na hau babur na tafi ƙauyen ɗan dakon a wajen Maska. An yi ɗori har sau biyu bai kamu ba, hannun ya shanye ya lanƙwashe, kunnen nan kuma ya daina ji. Na same shi a ƙofar gida an kawo masa tuwo, yana ci da hagu, miya na zuba a rigarsa. Ya ce in sa hannu, na kasa. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Sai ya ce abu ɗaya ne yake so in sani, don ya tsaya masa a rai. A al'adarsu, in an tara shara, mai gadin da ke bakin ƙofa yana da kwano ɗaya a ciki. Ya ce ya daɗe yana ganin yadda nake ɗingishi, ya san mai iyali ne ni, shi ya sa ya ce wa 'yan'uwansa ranar a cika mini kwano biyu. Kawo mini ya zo yi.

Edita, da na sani ƙeya ce. Na rubuto ne saboda na san a yanzu haka akwai wani yana tsaye a bakin wata ƙofa, sabon ɗauka, ƙafarsa na zafi, yana jin kunyar faɗa. Ɗan'uwa, ka faɗa. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma in sun kore ka don ka ce ƙafarka na ciwo, ka tafi da mutuncinka, Allah bai rufe ƙofar abinci ba. Ka nemi wanda ya riga ka a wurin ka tambaye shi yadda ake yi, domin baƙo ko da ido makaho ne, kuma kowane wuri yana da dokar da ba a rubuta ba. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce za ta ɗauke maka gajiya, ka sani har da hankalinka za ta ɗauka, ga kulki a hannunka. Ku kuma masu ɗaukar gadi, ku ji tsoron Allah, mutum kuka ɗauka ba turke ba. Ni ƙafata ta sace cikin mako uku da barin aikin, yanzu ina ɗinki a shagon wani. Shi kuwa mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar buhu yana ciyar da gidansa, har yau matarsa ce take ɗaura masa tazuge.