Tumbin da Ya Ɓuya

Ranar da aka yi min hoton ciki a Kazaure, likita ta daɗe tana kallon na'urar. Ta ce ba ta ga tumbin jaririn ba, in dawo wani satin. Na koma gida Gwiwa ina zargin kaina, don ranar ina ramakon azumi. Na ce shi ke nan, na bar ɗana da yunwa har tumbinsa ya shanye.

Uwar mijina ta ce, "To 'yar nan, sai a cika shi mana!" Duk satin ana ɗura min fura da kunun gyaɗa, har a kan babur ina kurɓa.

Da na koma, likita ta nuna min wani ɗan baƙin ɗigo. "Ga shi, lafiya lau. Rannan bai haɗiyi ruwa ba ne. Ba ruwan azuminki."

Dariya ta ƙwace min, cikina na rawa har hoton ya ɓace.

"Baiwar Allah, ki tsaya mana!"

"Don Allah a sake nuna min."

Ta sake. Na fito ina gaishe da waɗanda ban sani ba. Har mai gadi na yi wa albishir, yana ta "Barka, barka," bai san ta mece ce ba.