Ranar da Ƴata Ta Taɓa Kogi

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kalley, ni da mushen da ke koya mana karatun manya, da yaran unguwa tara. Ta goma ƴata ce, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafafu tun tana goye. Shekararta goma sha biyu a Yamai, amma kogin Isa daga kan gada kawai ta san shi, ta tagar taksi. Uwarta ba ta so tafiyar ba. Ni kuwa na riga na yi wa yarinyar alkawari za ta shiga kwale-kwale kamar kowa.

Muka ɗaure kekenta saman mota, muka bi ta Yantala. Can muka sayi ƙosai da zafinsa, wanda bai kai Gudel da rai ba. Daga nan muka saki kwalta, muka gangara tsakanin lambunan salati da kabeji, iska ta sake, yara suka fara leƙe.

A bakin ruwa mai jirgin, wani tsoho Bazabarme, ya dubi keken ya ce, "Malam, wannan ta jira mu ƙarƙashin mangwaro. In jirgi ya kife fa?"

Na juya, sai na ga har ta fara shimfiɗa zanenta a inuwa. Babu wanda ya ce ta yi. Ta dai saba.

Na ce, "Baba, cikin taran nan wa ya iya iyo?"

Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "To, jirgina na yoyo. Duk wanda ya zauna tsakiya, shi ke kwarfe ruwa." Ya miƙa wa ƴata yankakken bido, wato jarkar roba.

Hannuwan da ke tuƙa keke kullum daga gida zuwa lakwal, wato makaranta, ba su san gajiya ba. Har muka kai tsakiyar kogi ƙafar kowa ba ta jiƙe ba. Tsohon ya ce, "Ɗiyata, gobe ki zo aiki, in sallami kaina."

Mun ga farar belbela a kan shanu, mun hango kunnuwan dorina. Ƴata kuwa ta ajiye bidon, ta saka hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu. Ta ce mini a hankali, "Baba, ashe ja yake yi."

Da la'asar muka dawo gida. Uwarta ta ga zane sharkaf, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta dubi fuskar yarinyar ta fasa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba nisa ya raba ƴata da kogi ba. Mu ne muka saba ce mata ta jira mu a inuwa. Kwana uku na yi ina rubuta wannan, tana gyara mini baƙaƙe. Jiya uwarta ta tambaye ni ko jirgin tsohon na ɗaukar manyan mata.