Ranar da Kawu Barmo Ya Kai Gaiwa Shaida

Duk wanda ya zauna Tasawa a zamanin soja ya san Kawu Barmo mai tubali ba ya amsa gaisuwar ɗan Adam sai ya gama da ta tsuntsaye. Da an sallame asuba zai saɓa sandarsa ya nufi Tabkin Marke, can bayan unguwarmu, ya zagaye shi kaf. Ya yi wa balbelu ina kwana a kan gawo, ya tambayi kirinjijiya gajiya, ya tsaya gaban zalɓe su yi ta kallon juna kamar surukai. In ka tare shi a hanya ka gaishe shi, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Dakata, akwai waɗanda sunka riga ka zuwa garin ga." Ni Lawali tela, ɗan ƙanwarsa, na sha wannan amsa har ta daina yi mini ciwo.

Yau kuwa kowa abokinsa ne. Tsofaffin da suka riƙa ce masa taɓaɓɓe, su ne ke zama wurin mai shayi suna cewa "mu da Barmo muka tsare tabki". Ƙarya suke yi, kuma sun san na sani. Ba su tsare komai ba sai bakinsu. Ni ma ban tsare ba, za ku ji nawa abin kunyar.

Farkon wanda ya ɗanɗana halinsa wani jandarma ne da aka kawo mana, mai tumbi da bindigar farauta. Wata safiya ya zo bakin tabki zai harbi agwagin ruwa. A lokacin in mai kaki ya ce ka matsa, matsawa kake yi har da godiya. Kawu kuwa ya tsuguna gefe yana kwaɓa laka. Mutumin ya saita, ya kanne ido, sai Kawu ya saki wani tari da ya tashi tsuntsayen gaba ɗaya. Aka jira suka sauka. Ya sake saitawa, tari ya sake zuwa. A na uku jandarma ya juyo a fusace.

"Kai tsoho, da gangan kake yi?"

"Wane ni, ranka shi daɗe," in ji Kawu. "Ciwo ne. Da na ga bindiga shike tasowa."

"To tashi ka ba ni wuri."

"In na tashi shina ƙaruwa."

Haka mutumin ya koma gida da harsashinsa cif, aka yi masa miyar kuka.

Sai babban fari ya zo. Damina ta yi mana rowa, gero ya ƙone a tsaye, mutanen ƙauyukan Urafane suka cika gari suna neman abin kaiwa baki. Tabkin Marke ya ƙafe ƙaf, ƙasarsa ta daddare, tsuntsaye suka watse. Mu muna ganin masifa, wani Alhaji mai manyan motoci yana ganin fili. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na kawo mini ɗinki. Shi ya kitsa cewa a cike tabkin a yi tashar mota da shaguna.

Aka aiko mai awo daga Yamai, da baƙin tabarau da takardu ƙunshi guda. Ya tsaya tsakiyar tabki a tsananin rani, ya duba gabas ya duba yamma, ya rubuta cewa fili ne marar amfani. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana karatun boko a lakwal, amma bai tambayi kansa me ya hana kakanninmu gini a wurin ba, alhali sun cushe a lungunan da jaki ba ya iya juyawa. Ya kakkafa turakun ƙarfe ya koma masauki. Ni kuwa har an yi mini alkawarin shago a layin farko, na fara tunanin fentin da zan shafa wa ƙofa.

Kawu bai yi gardama da kowa ba. Da rana tsaka ya ja jakinsa ya ɗaure a turke ɗaya. Jaki ya fizge, turke ya fita, Kawu ya ɗauka ya kai gida. Washegari ya ɗaure a na gaba. Da mai awo ya dawo ya tarar da layinsa ya yi giɓi, sai ya hau faɗa yana haɗawa da Faransanci.

"Mushe, mi ya yi zahi?" in ji Kawu, yana ba shi girma irin na Faransawa. "Na iske turke ba dabba, na ce wanga almubazzaranci ne."

Na same shi a zaure na ce, "Kawu, ka ruhwa muna asiri. Zamanin soja ne hwa. Kuma ruwan da kake hwaɗa a kai ya tahi."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai in ka tahi Maradi sayen zare, sai a raba ɗakinka?"

"A'a."

"To shi ma balaguro ya yi. Tela ka ke, amma kanka ba shi da ɗinki."

Ƙara ta kai gaban kumandan, wani soja siriri wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ranar zaman, ofishinsa ya cika. Alhaji ya zo da babbar riga mai sitaci, mai awo ya shimfiɗa takardunsa, mu 'yan shago muka jeru a baya muna gyaɗa kai tun ba a fara magana ba. Kawu ya shigo da laka a gwiwa, ɗauke da wani abu a tsumman buhu. Kumandan ya tambaye shi ko yana da takardar da ta nuna wurin na wani ne.

"Ba ni da takarda, ranka shi daɗe. Amma na zo da mai wurin. A ba ni daro da ruwa."

Ya kwance buhu, sai ga ɓangaren busasshiyar laka da ya haƙo daga tsakiyar tabki. Ya fasa ta a hankali. A ciki akwai gaiwa, kifin nan mai tsawo da ke nutsewa cikin laka in ruwa ya ƙafe, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta yi barci sai damina. Duk wanda ya tashi a bakin tabki ya san da ita, mu dai shago ne ya mantar da mu. Kawu ya sa ta a ruwa. Ta daɗe ba ta motsa ba, har Alhaji ya fara murmushi. Can sai ta miƙe, ta kaɗa wutsiya, ta watsa wa takardun awo ruwa. Mai awo ya ɗauka maciji ne, ya haye kujera da takalmansa.

"Ga ta nan," in ji Kawu. "Akwai 'yan uwanta birjik ƙarƙashin tashar taku. Ku tambaye ta ko ta tashi daga wurin."

Kumandan ya daɗe yana kallon daron. Sannan ya yanke cewa a dakatar da aiki sai an ga abin da damina za ta yi, shi kuma Barmo ya yi kwana biyar a kulle a kaso saboda turakun gwamnati. Da ake fita da shi, bai tambayi iyalinsa ba. Cewa ya yi, "Lawali, ɗauki daron nan da hannu biyu, ta hi ka amfani yau."

Alhaji bai jira damina ba, don ya san ƙofofin da ake bi. Aka cike gefen gabas da yashi da shara, aka tsayar da layin shaguna, ni kuma na kai keken ɗinkina ba ko kunya.

Kawu ya fito daga kaso ya sa gaiwar a randa. A shekarar da mata ke wuni a layin rijiya, shi yana raba ruwan shansa biyu. A shekarar da muke cin dussa da ganyen jiga, ga kifi mai maiƙo a tsakar gidansa, bai ko yarda a kalle ta da yunwa ba. Na taɓa jin yana ce mata, "Ni na tashe ki ba lokacinki ba, ki yahe mini." Ranar na kasa haɗa ido da shi.

Cikin zafin bazara ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya, ya jawo ni kusa, muryarsa da kyar take fita.

"In ruwa ya zo ka maishe ta gida. Kuma kada in ji ta shiga miya, na san halin gidanku."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Bayan kwana biyu muka kai shi makwanci, sama tana nan fara fat, ko girgije babu. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Bai ga ruwan ba.

Ruwan kuwa ya zo, kuma bai tambayi kowa hanya ba. Cikin 'yan kwanaki tabki ya karɓi wurinsa har da gefen gabas. Shaguna suka jiƙe suka zauna, keken ɗinkina ya nutse har wuya, maganar tasha ta mutu ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Na ɗauki randar a ka, na ratsa ta gaban shagona ruwa iya cinya, na karkata bakinta. Gaiwar ta ɗan tsaya a kan tafin hannuna, sannan ta sulale. Na tsaya a wurin ina kuka, ƙato da ni, mutane suna tsammanin keken nake yi wa.

Allah ya jiƙan Kawu Barmo, ya yafe masa, ya yafe mana wautarmu. Ya raba ruwansa da abin da ba ya iya ce masa na gode. Ya Allah, ka shayar da shi daga tabkin Alkausara, har ya ƙoshi.