Finjalin da Inna Ta Cika

Inna ba ta yarda a sha abu a inda ba mazauninsa ba. Tun muna Sudan, a bukkokin masu tsinkar auduga, in ka ɗebi kunu a gwangwani sai ta fizge ta juye maka a ƙoƙo, tana faɗa kamar ka zagi kakanta. Ƙoƙon nan guda ɗaya ne da ludayinsa, tun daga ƙauyenmu na ƙasar Kano ta ƙunso shi a zane. Ya tsage a hanya, ta ɗinke abinta. Mahaifinmu ya rasu a can cikin auduga, kayanmu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, amma ƙoƙo ya tsallake teku ya iso Makka tare da mu uku: ita, da yayana, da ni.

Muka zauna a Tandabawi, can gefen dutse inda 'yan'uwanmu baƙi suka kakkafa ɗakunan langa-langa da buhu. Inna tana dama kunun tsamiya da zoɓo, ni ina zaman sayarwa a bakin lungu. Yaya kuwa ga-ruwa yake yi, sanda a kafaɗa da garwa biyu, yana hawa benayen mutane tun asuba. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, ta kuma fi ta hagu sauka, har in ya tsaya sai ka ce tambaya yake shirin yi. A haka muka ci shekarun babban yaƙi, lokacin da alhazai suka ɗauke ƙafa, kowa ya san yunwa da sunanta.

Bayan yaƙi, a wani aikin Hajji, Yaya ya samu aikin jidar ruwa a Arfa, a rumfar wani mai shagon yadi da ke dafa wa alhazai abinci. Mutumin Bahaushe ne, amma kakansa ma a Makka aka haife shi. Gidansu na dutse ne a unguwar Zahir, Hausarsu kuma rabi da rabi ce, in sun fara magana da ita sai su ƙare da Larabci. A rumfar nan Yaya ya ga 'yar mutumin, ita ma ta gan shi. Ya dawo gida yana ta wanke rigarsa guda ba dalili, ni kuwa na sa shi gaba da tsiya har ya faɗa mini.

Uban yarinyar bai ƙi ba. Ya ga Yaya ba ya wasa da aiki, ba ya wasa da salla, har ya ce in abin ya yiwu zai zaunar da shi a shago. Sai dai ya ce maganar tana hannun mata: uwar yarinyar da gwaggonta za su zo su ga gidanmu, su ga uwar yaro. In sun dawo da yarda, shi ke nan. Abin da ke gabanmu ke nan, kuma duk mun san nauyinsa. Mata ga Yaya, da inuwar shago, da ajiye sandar nan kafin ta ƙarasa karya shi.

Inna ta rasa barci. Ta san mutanen Zahir ba za a tare su da kunu a ƙoƙo ba, ita kuma ba ta taɓa shiga gidan Larabawa ta ƙofar baƙi ba. Sai ta nufi maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da ta daɗe tana wanki a gidan wasu attajirai kusa da Harami. Tsohuwar ta aro mana kaya a wurin uwar ɗakinta, ta shimfiɗa su a tabarma tana koya wa Inna.

"Ki fara da zamzam, a wannan tasar ta tagulla, bayan kin turara ta da ƙaron mustaka," in ji ta. "Sai gahawa mai hel, 'ya'yan ƙamshin nan masu tsada, a finjali, waɗannan ƙananan marasa hannu. Butar a hagunki, finjali a damanki. Sai shayi da na'ana'a, shi kuma a biyala, gilashin nan mai siririn ƙugu, don a ga launinsa. Kada ki kuskura ki zuba shayi a finjali, za su ce 'yar ƙauye ce."

"Ai ita ce," na ce. Inna ta harare ni.

"In kin ga hira ta yi daɗi, sai ki kawo gahawar loz a kofuna masu hannu. Madara ce da garin shinkafa da loz, ƙwayar nan mai kama da gyaɗa. Ta farin ciki ce, ba a fito da ita sai fuska ta saki."

Wannan karatu ya yi wa Inna daɗi, don irin nata ne. Ga mutane a ƙarshen duniya da su ma suka san kowane abin sha da gidansa. Ta yi ta maimaitawa da ruwan banza, tana miƙa mini ina yin baƙuwa, ina yatsina ina cewa "shukran" ta hanci. Tsohuwar ta faɗa mana komai, ban da abu guda, don a ganinta ko jariri ya san shi.

Suka zo bayan la'asar, su biyu, cikin baƙaƙen mayafai masu ƙamshi. Uwar yarinyar mai sanyin fuska ce. Gwaggon kuwa doguwa ce, tun daga ƙofa idonta yake yawo, daga rufin langa-langa zuwa buhun da muka yi labule da shi. Aka gaisa. Na miƙa zamzam a tasa, suka sha, uwar ta ce ƙamshin mustaka ya yi. Na ga kafaɗun Inna sun sauka kaɗan.

Sai gahawa. Inna ta ce ita za ta zuba da hannunta. Buta a hagu, finjali a dama, kamar yadda aka koya mata. Ta zuba, ta ƙara, har gahawar ta kawo baki tana rawa, sannan ta miƙa wa gwaggon a hankali don kada ta zube. Ta cika na biyu ta ba uwar. Fuskarta cike da murna, don hel ɗin nan da kuɗin kunun kwanaki ta saye shi, kuma tana so su ga ba ta yi ƙyashi ba.

Gwaggon ta dubi finjalin, ta dubi uwar yarinyar. Ko leɓe ba ta kai ba, ta dire shi a tabarma.

"Halas, mun gode, ya hajja," ta ce, tana jan mayafi.

"Haba, ku zauna mana," in ji Inna. "Ga shayi yanzu, ga ta loz a wuta."

"Ai kin sallame mu."

Uwar ta miƙe ta bi bayan gwaggon. Muka raka su bakin lungu, Inna tana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta san ko mene ne ba.

Tsohuwar ta leƙo jin labari. Da ta ga finjalai biyu cike a tabarma sai ta ɗora hannu a ka. Ashe su 'yar kaɗan ake zubawa a gindin finjali. Baƙo ya kurɓe ya miƙo, a ƙara masa, ya kurɓe ya miƙo, a haka zama yake tsawo. In ka cika masa, ka ce masa ke nan ya sha ya tashi, ba ka da lokacinsa.

Inna ta zauna daɓas. Can ta ce, "A garinmu wanda ya ba baƙo rabin ƙwarya shi ake zagi." Gahawar loz ta kama a gindin tukunya, ni na kankare ta.

Ni dai har gobe ban yarda finjali ne ya kashe auren nan ba. Matar nan da hukuncinta ta taho, langa-langarmu ta gani, da ƙafafunmu masu faso, finjali hanya kawai ya ba ta. Wa zai ce bai san baƙuwa ba ta san al'ada ba? Na faɗa wa Inna haka, na sake faɗa, har da kuka don haushi. Ba ta karɓa ba. Ta fi son laifin ya zama na hannunta, don abin da hannu ya ɓata ana iya zuwa a gyara.

Ta kuwa je. Ta ja tsohuwar, suka taka har Zahir da rana tsaka don ba da haƙuri. Aka shigar da su, aka shimfiɗa musu darduma, gwaggon da kanta ta ɗauko buta. Ta cika finjali fal ta miƙa wa Inna. Tsohuwar ta ba mu labari cewa Inna ta karɓa da hannu biyu, ta shanye da zafinsa, ta yi godiya, suka fito. Kwana da kwanaki harshenta a ƙone, ba ta iya ɗanɗana kunun sayarwa, ni nake ɗanɗana mata.

Yaya bai taɓa ɗora mata laifi ba, ko da wasa, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Aka aurar da yarinyar ga wani ɗan'uwansu. Shi ya ci gaba da garwarsa, sai dai ya daina wanke riga, ya daina biye mini in na tsokane shi. Shekaru suka ɗan ja. Aka fara zancen aiki a gabas, inda ake haƙar mai, samari suna hawa manyan motoci suna tafiya. Wata rana ya ce shi ma zai bi su. Ya ce ba zai iya ci gaba da bin titin da shagon yadin nan yake da sanda a kafaɗa ba. Inna ba ta hana shi ba, ba ta da bakin hanawa.

Ranar tafiyar ta dama kunun tsamiya da sassafe, ba na sayarwa ba, mai kauri irin wanda yake so. Yaya ya zauna a tabarma, ƙunshin kayansa a gefe, abokan tafiyarsa suna jira a bakin hanya. Ta ɗauko ƙoƙon nan mai ɗinki, ta zuba ɗan kaɗan a gindinsa, ta miƙa masa.

Ya duba ya yi dariya. "Inna, wannan ai ko kyanwa ba za ta ƙoshi ba. Cika mini mana, mota na jira."

"Sha dai," ta ce.

Ya kurɓe ya miƙo. Ta zuba wani ɗan kaɗan. A nan ya gane, ni ma na gane, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Bai sake cewa ta cika ba. Ya sha ya miƙo, ta zuba, ya sha ya miƙo. Aka aiko kiransa, ya ce yana zuwa. Aka sake aikowa. Inna ba ta ɗaga kai ba, kullum abin da take zubawa raguwa yake, har ya zama ludayin ma da ƙyar yake jiƙewa. Ni ina tsaye a jikin labule ina jin ƙarar ludayi yana kankarar gindin tukunya, ina roƙon Allah ya sa mota ta gaji ta tafi.

Motar ba ta tafi ba. Tukunyar ce ta ƙare. Inna ta karkata ta, ta girgiza, ba abin da ya fito. Yaya ya riƙe ƙoƙon a hannu na ɗan lokaci, sannan ya ajiye a gabanta, ya durƙusa ta dafa kansa, ya ɗauki kayansa.

Bai dawo ba. Mun ji yana can, daga baya muka ji ya ƙara gaba, daga nan muka daina ji. Inna ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk lokacin da zancen ranar ya taso abu guda take faɗa, ba ta taɓa canza shi ba: "Da na sani, da babbar tukunya na ɗora."